Shekarar da Na Sauke Surukina Daga Jirgin Fito

Na san abin da ake faɗa muku a tsallaken gulbi duk lokacin da kuka je gaishe da dangin innarku. Ana ce muku ubanku ya dawo daga soja da baƙar zuciya, ya kori surukinsa daga aiki a gaban jama'a. Ba ku taɓa tambayata ba, domin ni na yi muku tarbiyyar da ba ta barin ɗa ya yi wa ubansa irin wannan tambaya. To, bari in faɗa da kaina tun ina da sauran numfashi. Rabin maganar gaskiya ce. Na sauke kakanku daga bayan jirgin fito, kuma a idon mutane aka yi. Ban yi nadama a ranar ba, yau ma ban yi ba. Amma ina so ku san yadda aka kai ga haka, da abin da ya ci mini.

A zamanin Turawa ne, ba da jimawa da dawowata daga soja ba, En'e, wato hukumar gargajiya, ta kawo jirgin ƙarfe mai faɗi ta ajiye a wani mashigi na Gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Da rani ba ruwan kowa da shi, mutum ya naɗe wando ya ƙetare da ƙafa. Da damina kuwa in ba shi, babu kasuwa, babu zumunci, babu kai mara lafiya ɗakin magani. Yana ɗaukar jakuna da mangalarsu, da buhunan gero, da mata masu tallan nono. Masu gora suna tsayawa gefe da gefe suna tunkuɗa shi, in an kai zurfi su ɗauki matuƙai, wato filafilan tuƙi. Mutum ɗaya ke tsayawa a baya da babban matuƙi, shi ne idon jirgin, shi ke hango itacen da ruwa ya ɗauko da tudun yashi ya kauce musu. Wannan wuri na kakanku ne. Tun kafin En'e ta san da mashigin yake fito da kwalekwalensa, kuma babu wanda ya taɓa jin an ce ya kifar da ko akuya. Sunansa kun san shi, ba sai na rubuta ba, har yau hannuna bai yarda ba.

Ni kuwa aka naɗa ni heluma, wato shugaban ma'aikatan jirgin, don kawai na taɓa hawa irinsa a soja kuma ina iya amsa wa Bature ba tare da tsoro ba. Wanda ya yi naɗin a Wurno bai tambayi wa ke auren 'yar wa ba. Sai ga ni, ango na bara, na zama ubangidan surukina.

Da kun ga yadda muke aiki da kun yi dariya. Jirgin a tsallake yake kwana, ɗaure da sarƙa a gindin wata giyayya ƙasa da gidan kakanku. Da safe in ƙetaro a ƙaramin kwalekwale, in tuɓe takalma tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa. In miƙe, in koma gefe, in hura usur kamar wani babban hafsa. Ba na cin abinci inda yake, ba na kallon fuskarsa, ba na yi masa magana sai gaisuwa. In ina so a karkata dama, sai in dubi Ɗan'ige, babban mai gora, wanda kakanku ya koya wa aiki tun yana saurayi, in ce a gaya wa na baya ko zai duba dama. Ɗan'ige ya juya ya faɗa. Shi ma kakanku in yana da magana ta nan take biyowa, alhali tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba.

Ban daɗe ba na lura idon tsohon ya fara tafiya. Yanar ido ta hau masa, fara sol. Wata safiya na gan shi ya tsaya yana gaishe da buhun gishiri da aka jingina a jikin giyayya aka ɗora masa malafa, har yana tambayarsa mutanen gida. Babu wanda ya yi dariya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk da haka jirgi yana kauce wa itace daidai. Sai da na sa ido na gane dabarar. In abu ya taho, Ɗan'ige ya yi tari, masu gora su danna gefe ɗaya da ƙarfi, jirgi ya juya, tsoho yana baya yana riƙe da matuƙi yana ganin shi ya juya shi. Na ja Ɗan'ige gefe na tambaye shi tun yaushe ake haka.

"Tun bara, Heluma," in ji shi. "Kowa ya sani."

"To mi ya hana a hwaɗa mai?"

"Wa ka hwaɗi? Ni da yak koya ma riƙon gora? Ko kai da ka aure ɗiyatai?"

Sai na bar maganar. Kuma duk ranar da malamin ayyuka ya zo daga Wurno a kan kekensa ya tambaya ko akwai matsala, mukan haɗa baki mu ce lafiya lau, har da ni. Wannan ita ce cutar da na fi tsana a wurin aiki, kuma na ga irinta a wurare da yawa bayan nan. Kowa ya san inda ke yoyo, kowa yana jiran wani ya faɗa, ana ta toshewa da tsumma ana kiran abin ladabi.

Dabarar tari tana aiki ne muddin gora tana taɓa ƙasa. Da marka ta kankama, gulbi ya cika ya batse har ya shiga fadama, tsakiyarsa ta fi ƙarfin kowace gora. Ranar kasuwar Goronyo muka ɗauko kaya jirgi ya cika maƙil. Muna tsakiya sai ga wata ƙatuwar bishiya ruwa ya tumɓuko ta da saiwoyinta, ta nufo mu. Kowa ya hango ta tun daga nesa. Ɗan'ige ya yi tari har ya shaƙe, masu gora suka luma gorarsu ba su sami ƙasa ba, suka rarumi matuƙai, amma ƙananan matuƙai ba sa juya jirgin ƙarfe mai kaya. Mutum ɗaya ne zai iya kauce mata, shi kuwa yana tsaye yana kallon wani wuri dabam. Ni ma, da na buɗe baki in yi masa tsawa, sai na ji kaina ina cewa a gaya wa na baya. Kafin a gaya masa ta buge mu. Jirgi ya karkace, jaki ya zame da mangalarsa ruwa ya tafi da shi. Wata mata mai goyo ta sulale har ƙafafunta suka shiga ruwa, na cafko ta da zanen goyon. Har yau ina ganin kan jaririn nan yana lilo a bisa ruwa, ko kuka bai yi ba.

Da muka kai gaɓa, jama'a suka ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Kakanku ya yi wa masu gora faɗa, ya ce hannunsu ya mutu. Suka sunkuyar da kai suka ba shi haƙuri. A nan na ƙudurta a raina cewa ba zai sake tsayawa a bayan jirgin nan ba.

Na fara bin hanyar da aka san ana bi. Na sayi goro na tafi wurin Malam Altine, aminin kakanku, wanda shi ya karɓi sadakin innarku. Na faɗa masa komai dalla-dalla, na roƙe shi ya gaya wa Baba idonsa ya yi rauni, ya sauka ya koma kula da lodi a bakin gaɓa, albashinsa ba zai taɓu ba. Malam Altine ya gyaɗa kai, ya ce in bar masa. Kashegari sai ga shi da fara'a, riƙe da wani abu a ƙunshe cikin ganye.

"Na isar, ɗana. Ya yi murna ƙwarai."

"Murna, Malam? Mi kac ce mai?"

"Na ce surukinka shina gaishe ka, shina tausayin wahalar da kaka sha, ya ce ka riƙa hutawa in ka gaji."

"Sai yac ce mi?"

"Yac ce Allah shi yi ma albarka, shi bai gaji ba. Ga kihi ya ba ni in kawo ma."

Na karɓi kifin na yi godiya, don ba a yi wa dattijo tsawa. Ban ga laifin Malam Altine ba. Haka saƙo yake a wurinmu, duk hannun da ya biyo sai an goge masa kaifi, kafin ya isa ya zama gaisuwa. Na koma wajen innarku, ina ganin 'ya tana da hanyar da suruki ba shi da ita. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Mi kaka so in ce mai? In ce Baba ka makance? Da bakin ga da yac ci tuwonai? Ba ni iyawa. Kai ma kada ka soma."

Mahaifiyata tana jin mu daga ɗakinta, ta ɗaga murya.

"Garba, in ka buɗe baki gaban surukinka da wagga magana, ina za mu sa kanmu garin ga? Ka bari damina ta wuce."

Na ce mata gulbi ba zai jira damina ta wuce ba. Ta ce lalle soja ya cinye mini kunya. Ɗan'ige kuma ya kawo tasa shawarar, wai in hau keke in je Wurno in raɗa wa malamin ayyuka, a aiko da sallama daga sama, ni in yi kamar ban san komai ba, har in je in yi wa tsoho jaje. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma da na bi ta da yau babu mai zagina a tsallake. Amma na ƙi. Mutumin da ya ba ni 'yarsa bai cancanci in sare shi ta baya ina durƙusa masa ta gaba ba. Na kuma yi tunanin ajiye aikin gaba ɗaya, sai na ga wani heluma zai zo ya gaji shirun nan, matar da za ta zame gaba kuma ba lalle a sami mai cafko ta ba. Abin da ya rage shi ne in faɗa masa da bakina.

Na ƙetara da sassafe don in same shi kafin mutane su taru. Yana zaune a gindin giyayya da matuƙinsa a kan cinya, masu gora suna kwashe ruwa daga cikin jirgi. Na tuɓe takalma, na durƙusa, na gaishe shi. Ya amsa. Maimakon in tashi kamar kullum, sai na zauna a wurin.

"Baba, ina da magana, kuma ba ni aiko kowa da ita."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ɗan'ige, mi shika cewa?"

"Da kai nika, Baba. Idonka ya yi rauni. Iccen da yab buge mu ran kasuwa, kowa ya hange shi, kai ɗai ba ka gani ba. Daga yau ba ka tsayawa baya. Ga aikin lodi nan bakin gaɓa, kowa na ƙarƙashinka, har ni."

Ya juyo da fararen idanun nan wajen da muryata take.

"Tun uwarka ba ta san ƙohwar gidan ubanka ba nika ƙetare gulbin ga."

"Gaskiya na, Baba."

"To tashi ka hura usur ɗinka."

Ya miƙe ya nufi jirgi. Ni ma na miƙe, karo na farko da na taɓa tsayawa ƙyam a gabansa, na je na zauna a kan sarƙar da ke ɗaure da jirgin. Na ce jirgi ba ya tashi muddin yana ciki. Ya shiga ya tsaya a wurinsa, ni ina kan sarƙa, babu mai motsi. Ina so a gama kafin kowa ya zo, amma taurin kansa da nawa suka ja abin har rana ta ɗaga. Masu jakuna suka iso, mata suka sauke ƙoransu, bakin gaɓa ya cika. Ina jin ana cewa wane irin ɗa ne wannan, ana salati, wata tsohuwa har da tofar da yawu. Da kakanku ya ji jama'a ta taru, sai ya ga ya sami shaidu.

"Ɗan'ige, ni nak koya ma riƙon gora. Hwaɗi gaban mutane, ina gani ko ba ni gani?"

Ɗan'ige ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ban taimake shi ba, ban ko dube shi ba. Can ya durƙusa cikin jirgin.

"Baba, tarin ga da kaka ji ina yi tun bara, lahiyata lau. In na yi shi, yara ka danna gora su juya jirgi. Ba kai ka juya shi ba, Baba. Mu na."

Wannan magana ce ta karya shi, ba tawa ba. Da ni kaɗai ne da sai ya ce rashin kunyar soja ce. Amma ya ji cewa shekara guda mutanensa suna wasa da shi kamar yaron da aka ba linzamin jakin da wani ke ja. Ya kwantar da matuƙin a hankali, ya laluba gefen jirgi ya sauko. Wani ya miƙa masa hannu, ya ture. Ya wuce ta gabana, ya hau gangaren gidansa shi kaɗai. Na hura usur, na ce Ɗan'ige ya koma baya. Raina ya ɓaci ranar nan fiye da yadda zan iya rubutawa, na ji tausayinsa har cikin ƙashina, amma muka ƙetare da mutane lafiya.

Kafin azahar labari ya riga ni gida. Na tarar innarku ta ɗaure kayanta. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai ubanta yana bukatar mai ba shi ruwa, ta shiga jirgin da yamma ta ƙetare, ina tsaye a kai ba ta dube ni ba. Ba ta dawo ba sai bayan an yanke gero. Mahaifiyata ta daina zuwa suna da biki don gudun habaici. A masallaci akwai dattawan da suka riƙa janye hannu in na miƙa nawa. Aikin lodin da na ware wa kakanku ya aiko a gaya mini ba ya so, kuma ya daina saukowa mashigin ko da wasa. In na je gaishe shi da salla, in durƙusa a zaure, wani ya shiga ya fito ya ce ya amsa.

Tunda na riga na biya wannan tsada, na rantse ba za a sake yin shirun nan a jirgina ba. Kowace safiya kafin a kwance sarƙa sai mu zauna a gindin giyayya, in kira kowa da sunansa in tambaye shi abin da ya ga ya lalace jiya, kuma ni ake fara faɗa wa nawa. Da fari sai su ce lafiya lau, in ce to ba mu tashi. Da suka ga da gaske nake, wani mai gora da ake kira Mamman Dogo ya yi ta maza ya ce ina cika hanzarin hura usur, ba na bari jakuna su natsu kafin a tashi. Ya ƙona mini rai, don gaskiya ya faɗa, na ce na ji kuma na gyara. Daga nan bakuna suka buɗe. Na hana aike a kan maganar aiki, mai magana ya dubi mai ita ya faɗa, in ya so ya durƙusa ya faɗa. Farkon kowace damina kuma a kafa sanda a tsallake a ɗaura mata tsumma, kowa ya faɗi launinsa, ni ne na farko. Da malamin ayyuka ya sake zuwa da tambayarsa, na lissafa masa abin da ke damunmu har ya sauka daga keken ya nemi wurin zama. Ku da kuke aiki a ofis da makaranta yanzu, na san kuna da naku tsofaffin a baya da naku masu tari. Ba na ce ku yi rashin kunya ba. Ku tuɓe takalma, ku durƙusa, amma ku faɗa.

Da damina ta zagayo, innarku tana da tsohon ciki na fari, lokaci ya yi da za a kai ta gidan iyayenta goyon ciki. Gulbi ya cika kamar bara ko ya fi. Ranar da aka sa, na ƙetaro da safe in ɗauki jirgi in je in kawo ta, sai na hangi mutum zaune a gindin giyayya da sanda a hannu. Kakanku ne. Ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya. Na tuɓe takalma na durƙusa na gaishe shi, ina jiran ya nemi wanda zai amsa mini. Sai ya juyo da fuskarsa sosai wajena.

"Heluma."

Bai taɓa kirana da wannan suna ba. Na ce, "Na'am, Baba."

"Wa ka tsayawa baya yau?"

"Ɗan'ige na, Baba."

"An duba idonai?"

"An duba."

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

Ya kasa kunne ga gulbi. Sannan ya ce, "Ruwan ga ya kawo icce, ina jin shi. Ka tsaya kusa da shi. In ka ga abu, kada ka aiki kowa."

Na ce to. Muka je muka ɗauko ta, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Ɗan'ige har muka dawo. Yana nan inda muka bar shi, a tsaye, ya miƙa hannu yana laluben iska har ta kama shi. Bai ce ya yafe mini ba, ran nan ko bayansa, kuma bai sake yi mini magana baki da baki ba har Allah ya karɓi abinsa. Dangin innarku ba su ga wannan safiya ba, shi ya sa ba ta cikin labarin da suke ba ku. Cikin da aka ƙetare da shi ran nan shi ne babban wanku, kuma kakansa ne ya yi masa huɗuba.